Tarin da na ji a bayan muryarka

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Ya aiki, ya sanyi? Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar da sauƙi, tun makon jiya na koma yin salla a tsaye. Hunturu kam ya sauko mana da ƙarfinsa bana, da safe ko hasumiyar masallacin Juma'a ba a hangowa saboda hazo.

Za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. Ai wayar ce ta ja. Kana da wata dabara tun kana ƙarami, ka yi ta "to Umma, to Umma" har maganar ta mutu a bakina, in ta ƙi mutuwa ka ce sabis ya ɗauke. Takarda ba a katse ta. Ka nemi wuri ka zauna ka karanta har ƙarshe, sannan ka miƙa wa matarka ta karanta da idonta. Ban yarda ka karanta mata kana tsallake layi ba.

Daren Talata da ka kira ni kan maganar gidan Kurna, rabin abin da ka faɗa bai shiga kunnena ba. Hankalina yana can bayan muryarka. Mai sunan Malam ne yake tari a cikin ɗaki, tari mai ruwa, mai nauyi, irin wanda yake tasowa daga ƙasan ƙirji ya zo maƙogwaro ya tsaya, yaro ya rasa yadda zai fitar, ya haɗiye. Na tambaye ka, ka ce 'yar mura ce. Na ce Allah ya sawwaƙe. Amma har aka kira assalatu ina zaune a bakin gado. Na san tarin nan, Auta. Shekara arba'in ke nan ina jin sa ta bayan bango.

Ranar Juma'a Goggonka ta dawo, na titsiye ta. Kada ka ga laifinta, ba tsegumi ta kawo ba, sai da na haɗa ta da Allah sannan ta buɗe baki. Ta ce tarin ya haura mako biyar. Ta ce sau uku kana zuwa kemis ana haɗa maka kwalabe, a ba yaro kwana biyu, da zazzaɓi ya sauka a jera sauran a kan taga. Ta ce saboda sanyi kurfoti a cikin ɗaki yake kwana, ga janareton maƙwabci a gindin taga. Duk wannan na haɗiye. Wanda ya tsaya mini a wuya shi ne katin rigakafi. Ta ce da idonta ta gani, an cike layin haihuwa da na mako shida, daga nan fari fat har ƙasa. Yaro wata takwas! Wai ranar da aka yi masa ta mako shida ya kwana yana kuka jikinsa rau da zafi, ka rantse ba za a ƙara soka wa ɗanka allura ba. Wai yarinyar nan ta roƙe ka har sau biyu, ka ce in ta kai shi ba da yawunka ba.

Akwai maganar da ban taɓa yi da ko ɗayanku ba. Ko mahaifinku, Allah ya jiƙansa, har ya koma ga Mahaliccinsa ba mu taɓa zama mun yi ta ba. Yau zan yi, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ku duka kun taso kun tarar da Yayanku yana tari, kun ɗauka haka Allah ya halicce shi. Ba haka na haife shi ba. Ƙato ne jajir, in ya tsala kuka har zaure ake ji. Yana da wata goma sha huɗu, a hunturun 1984, lokacin da ake bin layin sabulu da madara soja yana tsaye da bulala, baƙon dauro ya shigo unguwa, ya bi gida-gida. Allurar ƙyanda akwai ta a lokacin, ba zan yi maka ƙarya ba, har shela an yi. Inna ta ce babu jikanta da za a soka, kuma a gidan nan ba a ja da Inna. Ni shekarata goma sha takwas, ga shi ɗan fari, ko kallonsa ba na yi a gaban mutane, balle in buɗe baki in ce a kai shi asibiti. Facalolina uku sun zuba ido suna jira in yi abin da za a riƙa yi mini gori da shi har tsufana.

Ƙyandar ta fito, ta fara bushewa, aka ce an tsira. Kwana huɗu sai ga zazzaɓi ya dawo, ya fi na farko. Numfashinsa ya koma sama-sama, da sauri kamar na ɗan tsako, ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa ciki duk sanda ya ja iska, yana wani ɗan nishi a ƙarshen kowane numfashi. Ya daina kama nono. Inna ta ce beli ne, aka kira wanzami ya cire. Da bai yi sauƙi ba aka ce haƙarƙari ne, wanzamin ya dawo ya yi masa tsaga a awazu, tabon nan da kuke tsokanarsa da shi kuna yara. Aka rufe ƙofa da taga kada iska ta taɓa shi, aka yi ta turare, hayaƙi har ni babba ina hawaye. Da dare in sawu ya ɗauke sai in ɗora shi a ƙirjina ina ƙirga numfashinsa, ban ma san abin da nake ƙirgawa ba. Da rana in shimfiɗe shi in fita tsakar gida ina surfe, kamar ɗan wata ne yake ciwo. Kwana tara muka yi a haka.

A rana ta tara Kawunka ya biyo ta gidan. Ya leƙa ɗaki, ya ga yaro, ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya saɓe shi a kafaɗa ya yi waje, ni na bi shi da takalmi wari ɗaya. Yanzu ka san dalilin da shi da Inna ba su ƙara shan inuwa ɗaya ba. Shi ya sa ma abin da ka yi masa ranar rabon gado ya yi mini ciwo, amma wannan zancen wata rana ne. Aka ba mu gado, kwana goma sha ɗaya ana yi masa allurar fenisilin, cinyoyinsa duk suka kumbura. Wata malamar asibiti ta dube ni ta ce, "Ke ce uwarsa? Ina kike tuntuni?" Ban amsa ba. Har yau ban samo amsar ba.

Ya tashi. Aka yi sadakar waina, 'yan barka suka yi ta shigowa, ni kuma na ɗauka an gama. To, nan nake so ka buɗe kunnenka. Mutanenmu sun ɗauka ciwon yaro hanya biyu gare shi, ko ya mutu ko ya warke. Akwai ta uku, ita muka bi.

Duk hunturu sai ya kwanta. A firamare in ana tsere shi ne mai gadin takalman yara. Sau nawa aka yi masa gwajin kaki ana neman tarin fuka ba a samu ba, har wata shekara aka ɗora shi a kan maganin wata shida bisa zato, ya shanye tas, tari yana nan daram. Maganar aurensa ta farko ka san ta watse, kana da wayo lokacin. Abin da ba ka sani ba, uwar yarinyar ce ta jiyo tarinsa daga zaure, washegari aka dawo da kaya. Harkar Dawanau da yake samun rufin asiri a ciki ya bari saboda ƙurar hatsi. Mutumin da bai taɓa sa taba a bakinsa ba, ko goro bai dame shi ba. Yanzu in ya tashi da asuba sai ya yi kusan rabin awa a bayan ɗaki yana fitar da kaki kafin ya iya tafiya masallaci, can ma sahun ƙarshe yake tsayawa, kusa da ƙofa, don kada ya dami mutane. Shekara arba'in da 'yan kai, amma in muka jera zuwa bakin titi, ni mai ciwon ƙafa ni nake tsayawa ina jiransa.

Bara da ya yi tari da jini, Yayarka ta tsaya kai da fata aka kai shi babban asibiti, aka yi masa hoton nan da ake kwantar da mutum a tura shi cikin na'ura. Likitan yaro ne, bai wuce sa'anka ba, amma Allah ya yi masa albarka, ya ba ni kujera ya zauna da ni. Ya duba hoto ya daɗe, sai ya ce, "Hajiya, yana ƙarami ya taɓa yin ƙyanda, ko tarin shiƙa, ko ciwon haƙarƙari mai tsanani?" Na ji kamar an zare mini laka.

Ga abin da ya gaya mini, na riƙe shi kamar karatun allo. Ya ce hanyoyin iska a cikin huhu rassa ne kamar na bishiya, suna ta rabuwa suna ƙanƙancewa, kuma a jikinsu akwai wasu 'yan gashi da ido ba ya gani, aikinsu share majina su turo ta sama. Ya ce ƙyanda ba ita ta yi ɓarnar da hannunta kaɗai ba. Ita karya garkuwar jiki take yi, ta bar ƙofa a buɗe, sai ƙwayoyin bakteriya su shiga su sauka a huhu. Su fenisilin ɗin ya kashe, amma sun riga sun yi kwana tara suna cin bango. Inda suka ci, hanyar iskar ta buɗe ta saki kamar tsohuwar robar wando, ba ta ƙara matsewa. Majina ta taru a wurin ta kwanta kamar ruwan kwata, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama, su tayar da sabon ciwo, sabon ciwon ya ƙara faɗaɗa ɓarnar, haka abin yake ta zagayawa shekara da shekaru. Ya rubuta mini sunan a takarda, bronkiyektasis, sai da na yi mako ina maimaitawa kafin harshena ya ɗauka. Na ce a ba shi maganin da zai mayar da hanyoyin yadda suke. Ya sunkuyar da kai. Ya ce sai dai lallaɓawa: a koya masa yadda zai riƙa fitar da kakin kullum, in ciwo ya taso a tare shi da magani da wuri, ya guji ƙura da hayaƙi.

Sai ya ƙara da wata magana, ita ce ta hana ni barci daren Talata. Ya ce ba a haihuwar yaro da gamammen huhu. 'Yan jakunkunan iskar da ke ƙarshen rassan nan, yawancinsu bayan haihuwa suke ƙaruwa, musamman a shekara biyu zuwa uku na farko, kuma huhu yana ci gaba da girma har mutum ya kai ashirin da 'yan kai. Daga nan sai raguwa a hankali, ga kowa, mai lafiya da marar lafiya. Na ce masa, ashe rumbu ne. Ya yi dariya ya ce haka ne. Kai ka yi zaman ƙauye wajen Baffa, ka sani. Abin da aka zuba da kaka shi ake ci har damina ta zagayo. Mai cikakken rumbu da mai rabi duk ɗaya suke a watan kaka, kowa tuwonsa yana tashi. Sai bazara ta yi nisa ake gane wanda ya shiga rani da rabi. Ɗanka yanzu ake zuba masa nasa, yanzu-yanzu, a cikin watannin nan da kake cewa 'yar mura ce.

Yayarka ta karanto mini wani bincike a wayarta. A Birtaniya sun ɗauki dubban yaran da aka haifa cikin mako guda na watan Maris 1946, suka yi ta bin rayuwarsu har suka haura shekara saba'in, aka fitar da sakamakon a 2023. Waɗanda ciwo ya sauka musu a ƙirji kafin su cika shekara biyu, haɗarin su mutu da ciwon numfashi kafin tsufa ya kusa ninka na sauran, ko da an cire lissafin shan taba da talaucin gidan da suka taso. Da ta ga fuskata ta canza sai ta hau lallashi, wai kusan biyu ne cikin ɗari a nan, ɗaya cikin ɗari a can, wai yawancin yaran da suka yi ciwon haƙarƙari suna warkewa sarai, ba abin da yake bin su. Gaskiyarta, kuma na rubuta maka don kada ka ce na ɓoye. Amma na ce da ita, ke kina ƙirga ɗari, ni nawa ɗayan a ɗakin da ke jikin nawa yake kwana. A rediyo ma na taɓa ji, UNICEF ta ce a 2018 yara 162,000 'yan ƙasa da shekara biyar ciwon nimoniya ya kashe a Najeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Waɗanda aka binne aka ƙirga. Wa ya ƙirga irin Yayanku, da aka yi musu sadakar waina aka ce sun warke?

To yanzu ka gaya mini, kai mene ne uzurinka? Ni ina da nawa, ko da bai isa ba. Yarinya ce ni, ban san bihim ba sai da na haifi uku na shiga makarantar matan aure. Ko sisi ba ni da shi a bakin zani. Ga suruka da ba a yi mata musu, ga kunyar ɗan fari da aka ɗora mana tun muna 'yan mata, wadda ta ƙi yi a ce ba ta da tarbiyya. Kuma allurar da take tare ƙwayoyin da suka fi kawo ciwon haƙarƙari babu ita a ƙasar nan a lokacin. Wadda aka rubuta Penta a katin ɗanka sai 2012 ta shigo, wadda aka rubuta PCV sai ƙarshen 2014 aka fara ta. Kai fa? Filin Malam na sayar ka yi jami'a, 'yan'uwanka suna gunaguni na toshe kunne. Wayar hannunka ta fi kuɗin kayan ɗakina gaba ɗaya. Asibitin sha-ka-tafi yana bayan layinku, allurar kyauta ce, mako shida, mako goma, mako goma sha huɗu. Abin da na yi kuka ban samu ba an kawo maka har ƙofar gida, ka sa ƙafa ka shure. A kan me? A kan zazzaɓin dare ɗaya? Zafin jikin kwana ɗaya ko biyu bayan allurar nan sananne ne, malaman asibiti tun kafin su yi suke faɗa. Ka ɗora daren nan naka a ma'auni, in ɗora shekara arba'in ɗina.

Ko kuwa muryoyin nan ne da kuke tura wa juna a WhatsApp? Mutumin da ba ka san fuskarsa ba, ba ka san ubansa ba, ya zauna a ɗaki ya ce allura tana hana haihuwa, kai mai digiri ka ɗauka ka rungume. Bari ka ji. Ku huɗun da kuka biyo baya, babu wanda ban kai an yi wa rigakafi ba. Bayan abin da na gani ban ƙara neman iznin kowa ba, sai in goya ku in ce zan leƙa gidanmu, katunanku a ƙarƙashin adaka na ɓoye su. Allah ya yafe mini ƙaryar. Yau jikokina goma sha bakwai. In hana haihuwar ke nan, to ba ta ci ba.

Kuma kada ka kawo mini zancen 1996. Kai a goye kake, ni na ga sanƙarau da idona. Na san abin da aka yi wa 'ya'yan mutane a garin nan da sunan gwajin magani, na san abin da ya sa aka tsayar da ɗigon shan inna a 2003. An cuce mu, ba mai musu. Amma wa ya biya bashin? Yaran da suke jan ƙafa a bakin danja. Ga mashaƙo da ya yi mana ɓarna a 2023, Kano ce kan gaba, kuma yawancin yaran da ya kama ba su da rigakafi. Mashaƙon nan da tarin shiƙa duk suna cikin allurar da ka hana. Haushin wanda ya cuce ka ba a kan ɗan wata takwas ake huce shi ba. In kuma ƙaddara za ka ce, Malam da bakinsa ya karantar da ku hadisin mai raƙumi a zauren nan, ɗaurewa aka ce ya fara yi sannan ya dogara. Ko ka manta, kana can kana gyangyaɗi?

Na yi zafi, na sani. Bari in sha ruwa.

Ga abin da nake so. Gobe da safe, kafin ka tafi aiki, ku kai shi inda likita zai sa abin awo a ƙirjinsa, ba kemis ba. Ka faɗi gaskiya, tari mai ruwa, mako biyar, kada ka rage don kunya. Ku tafi da kwalaben kan taga a ga abin da ya sha. Yayarka ta ce tari mai ruwa da ya wuce mako huɗu a jikin yaro, sau da yawa ƙwayoyin cuta ne suka yi zaune a hanyoyin iska, kuma maganinsa yakan kai mako biyu ko fiye, in aka bar shi kuwa hanyar da Yayanku ya bi ita yake nufa. Duk kwanakin da likita ya yanka a cika su, ko yaro ya tashi yana rawa a kwana na uku. Ku riƙe katin, ba daga farko za a sake ba, daga inda aka tsaya za a ɗora. Ta ƙyanda kuma wata tara ce, wata mai kamawa ke nan. Wannan ko a kan gawata sai an yi ta.

Abin da nake ƙirgawa a duhu ban san ma'anarsa ba, ashe yana da lissafi. In yana kwance lamo, ba kuka yake ba, ka ɗaga rigarsa ka kalli agogon wayarka minti ɗaya cur. A watanninsa, numfashi 50 ko fiye ya yi sauri. In ya shekara, 40 ne. In ka ga ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa, ko ya ƙi nono, ko komai ya sha sai ya amayar, ko jijjiga, ko barcin da ba a iya tashinsa, kada ka jira gari ya waye, ko ƙarfe biyun dare ne. Kurfoti ya fita daga ɗaki yau, wannan ban da tari ma kashe mutane yake yi a cikin barci. Ka yi wa maƙwabcinka magana da lalama ya janye injinsa daga tagarku, in ya ƙi ku koma ɗaya ɗakin. Turaren wuta da maganin sauro na hayaƙi a ɗaga musu ƙafa, ga gidan sauro. Kada wanzami ya kusance shi. Zumar da na ji an ce ana lasa masa a bari sai ya shekara. Nono kuwa a ci gaba da ba shi, ko sau nawa ya nema.

Ke kuma 'yata, na san kin iso nan. Ba ki da laifi a wurina ko ƙanƙani, ke kika roƙa aka hana ki. Yau ni ce a kujerar Inna, kuma ba zan zauna a kanta yadda ta zauna ba, Allah ya jiƙanta, ita ma abin da ta tarar ta yi. Na san ɗan fari ne. Kada ki yi kunyata a kansa. Ki ɗauke shi a gabana, ki yi kuka a gabana in kukan ya zo, ki ce ɗana ba shi da lafiya da ƙarfi kowa ya ji. In dare ya yi kika ga abin da bai kwanta miki ba, mijinki kuma ya tsaya jan magana, ki saɓa ɗanki ki fita, ki ce ni na sa ki. Lambata tana wayarki.

Auta, ban ce ba ka son ɗanka ba. Goggonka ta ce kai kake saɓa shi a kafaɗa kana zagaya ɗaki har ƙarfe uku, ka tafi aiki ido jajir. Na san kukan da ya yi daren allurar ne ka kasa jurewa. Tun kana yaro haka kake, ko kaza za a yanka sai ka gudu bayan gida. Taushin zuciyar Malam ka ɗauko, sai aka haɗa maka da taurin kan Inna. In na faɗi abin da ya yi maka zafi ka yafe mini, maganar fili ma ba gori ba ce, da za a sake sai in sake sayarwa. Tsoro ne ya yi mini yawa. Ba na so wata rana yaron nan ya zama magidanci yana tsayawa a sahun ƙarshe, kai kuma kana tsoho kana jin sa ta bayan bango, kana ƙirga kwanakin da ka bari suka wuce. Na san nauyin wannan lissafin, ba na yi maka fatansa.

Na ba direba ƙullin kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, da hula da safa da na saƙa wa angon nawa, in sun yi masa yawa zai girma ya tarar da su. Rigar sanyin da ke ciki Yayanku ne ya saya, da ya ji an ce yaron yana mura. Bai san na rubuta wannan ba, kuma kada ka gaya masa. Bai taɓa tambayata yadda aka yi ba, ni ma ban shirya ba tukuna.

Zuwa Alhamis ina so in ga hoton katin nan a wayar Yayarka da sabon rubutu a kai, da takardar likita. In ban gani ba, Asabar da asuba ina tasha, da ƙafar da komai, kuma ka san ni.

Ka gaida mutanen gidanku. Allah ya ba shi lafiya, ya yi muku albarka. Zan tsaya nan, na ji ya tashi, bari in ɗora masa ruwan zafi.

Ummanka